Felix Wankel: Bajamushen da ya ƙirƙiro injin mota maras fistan

Bai yi karatun jami'a ba, bai kuma taɓa mallakar lasisin tuƙi ba, amma injin da ke ɗauke da sunansa ya ja hankalin manyan kamfanonin motoci na duniya. Ya durƙusar da wasu, ya ɗaukaka wasu, ya kuma bar wa makanikai muhawarar da har yau ba ta ƙare ba a game da irin baƙin man da ya dace da shi.

An haifi Felix Heinrich Wankel ranar 13 ga watan Agustan shekara ta 1902 a garin Lahr da ke yankin Baden, a kudu maso yammacin Jamus, ba da nisa da iyakar Faransa ba. Shi ne ɗa namiji tilo ga mahaifansa. Mahaifinsa Rudolf Wankel jami'in kula da gandun daji ne, kuma yana daga cikin sojojin Jamus da suka rasa rayukansu tun a farkon yaƙin duniya na ɗaya a shekara ta 1914, lokacin Felix yana da kimanin shekaru 12. Bayan wannan rashi ne mahaifiyarsa Gerty ta ƙaura da shi zuwa birnin Heidelberg.

Karatun boko bai yi wa yaron daɗi ba. Ya zauna a makarantun sakandare na Donaueschingen da Heidelberg da Weinheim, daga bisani ya bar makaranta a shekara ta 1921 ba tare da takardar da ke ba da damar shiga jami'a ba. An san shi da rauni a darasin lissafi, ga kuma matsalar ido, domin ba ya hangen nesa sosai. Amma Allah ya hore masa wata baiwa ta daban: yana iya hasaso siffar inji da yadda sassansa za su riƙa motsi tun kafin a zana shi a takarda. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa tun yana ɗan shekara 17 ya yi mafarkin wata mota mai sabon nau'in inji, wanda sassansa ke juyawa maimakon hawa da sauka.

Don neman abin sakawa a bakin salati, ya koyi aikin ciniki a kamfanin wallafa littattafan ilimi na Carl Winter da ke Heidelberg. Da yamma kuwa, tun daga shekara ta 1924, shi da wasu abokansa sukan haɗu a wata 'yar rumfa da suka mayar wurin ƙere-ƙere. Da ya rasa aikinsa a shekara ta 1926, sai ya duƙufa a kan injuna baki ɗaya, kuma a shekara ta 1929 ya samu takardarsa ta farko ta mallakar fasaha.

Abin da ya dami Wankel game da injin da kowa ya sani shi ne ɓarnar motsi. Fistan yana hawa, ya tsaya, ya sauko, ya sake tsayawa, sau dubbai a cikin minti guda, sannan sai an yi amfani da wasu sassa da dama kafin a mayar da wannan kai-komo ya zama juyawar da ke tura tayoyi. Tun zamanin injunan tururi masu ƙere-ƙere da yawa sun gwada yin injin da zai riƙa juyawa kai tsaye, amma kusan dukkansu abu ɗaya ne ya kayar da su, wato yadda za a toshe 'yan kafofin da ke tsakanin ƙarfen da ke juyawa da bangon da ke kewaye da shi don kada iskar da aka matse ta tsere. A kan wannan matsala ta toshewa ce Wankel ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje, har ya zama ɗaya daga cikin gwanayenta a Jamus.

Siyasar 'yan Nazi

Ba za a ba da tarihin Wankel a tsallake wannan babi ba. Tun yana matashi ya shiga wata ƙungiya ta masu matsanancin kishin ƙasa da ƙyamar Yahudawa, sannan a shekara ta 1922 ya shiga jam'iyyar 'yan Nazi, shekaru goma sha ɗaya kafin Adolf Hitler ya hau mulki. Ya kafa ƙungiyoyin matasa yana ba su horo irin na soja, kuma shugaban jam'iyyar a yankin Baden, Robert Wagner, ya danƙa masa jagorancin ƙungiyar matasan Hitler ta yankin. Ba a jima ba suka saɓa. Rikicin nasu na cikin gida ne, a kan alƙiblar ƙungiyar da kuma iko, kuma ya kai ga korar Wankel daga jam'iyyar a shekara ta 1932.

Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a shekara ta 1933, Wagner ya sa aka kama shi aka tsare a gidan yarin Lahr na tsawon watanni shida. Wilhelm Keppler, mai bai wa Hitler shawara kan tattalin arziki, shi ne ya shiga tsakani aka sake shi, shi ne kuma ya riƙa buɗe masa ƙofofi daga baya. Wankel ya yi wa kamfanin BMW aikin bincike, sannan a shekara ta 1936 ya koma garin Lindau da ke bakin tafkin Constance, inda ma'aikatar sufurin sama ta gwamnatin Hitler ta ɗauki nauyin cibiyar gwaje-gwajensa. A wannan shekara ce ya auri Emma Kirn. A lokacin yaƙin duniya na biyu cibiyar ta yi aiki a kan bawul mai juyawa da dabarun toshe iska don injunan jiragen yaƙi da makaman ƙarƙashin ruwa. A shekara ta 1940 an ba shi babban muƙami a rundunar SS, kafin a cire sunansa bayan shekaru biyu.

Bayan faɗuwar Jamus a shekara ta 1945, sojojin Faransa da suka mamaye yankin sun tsare shi na wasu watanni, suka kwashe kayan cibiyarsa, suka kuma haramta masa aikin bincike na wani lokaci.

Daga Lindau zuwa Neckarsulm

Sai a shekara ta 1951 ne ya sake farfaɗowa, lokacin da kamfanin Goetze mai ƙera zoben fistan ya tallafa masa ya buɗe sabon wurin gwaji a cikin gidansa da ke Lindau. A wannan shekara kuma ya ƙulla hulɗa da kamfanin NSU na garin Neckarsulm, wanda a tsakiyar shekarun 1950 ya zama kamfanin da ya fi kowanne ƙera babura a duniya. A shekara ta 1954 Wankel ya gano siffar da ya daɗe yana nema: wani ƙarfe mai kusurwa uku da ɓangarorinsa suka ɗan kumbura, yana juyawa a cikin gida mai kama da ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu.

Ranar 1 ga watan Fabrairun shekara ta 1957 injin farko, wanda aka laƙaba wa DKM 54, ya tashi a ɗakin gwajin NSU, ya kuma ba da ƙarfin dawaki 21. A cikin wannan samfuri, ƙarfen mai kusurwa uku da gidan da ke kewaye da shi duk suna juyawa, abin da ya sa injin ke gudu lami lafiya ba girgiza. To sai dai yana da wuyar sha'ani, domin ko fulogi za a canza sai an kwance injin. Saboda haka wani injiniyan NSU mai suna Hanns Dieter Paschke, a ƙarƙashin shugaban sashen bincike Walter Froede, ya tsara wani samfurin da gidan ke tsaye cik, ƙarfen ciki ne kawai ke kewayawa. Wannan samfuri, mai suna KKM, ya fara aiki a shekara ta 1958. Wankel bai ji daɗin sauyin ba, har ya yi ƙorafin cewa an mayar masa da dokin sukuwa ya koma na huɗa. Amma duk wani injin Wankel da aka taɓa sanya wa motar sayarwa, daga tsarin Paschke ya samo asali.

Aikin injin dai iri ɗaya ne da na kowane injin fetur, wato shaƙar iska da mai, matsewa, ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Bambancin shi ne ɓangarori uku na ƙarfen, wanda makanikai ke kira rota, su ne ke raba cikin gidan zuwa ɗakuna uku, kuma yayin da yake juyawa kowane ɗaki yana buɗewa yana tsukewa bi da bi. A duk zagaye ɗaya na rota, wuta tana tashi sau uku, sandar da ke kai ƙarfi ga giya kuma tana juyawa sau uku. Ba bawul, ba fistan, sassan da ke motsi 'yan kaɗan ne. Ga shi ƙarami, ba nauyi, amma yana ba da ƙarfin da ya zarce girmansa.

Rububin kamfanoni

Kamfanin Curtiss-Wright na Amurka ne ya fara sayen izinin ƙera injin a shekara ta 1958. Bayan da aka gabatar da shi ga taron injiniyoyi a birnin Munich a watan Janairun shekara ta 1960, sai kamfanoni suka shiga rububi, ciki har da Daimler-Benz da Rolls-Royce da Alfa Romeo da Citroën, da kuma Toyo Kogyo na Japan mai ƙera motocin Mazda. A shekara ta 1970 kamfanin General Motors, wanda a lokacin shi ne mafi girma a duniya, ya amince ya biya dala miliyan 50 don samun izinin. Masana da dama a wancan zamani sun yi hasashen cewa kwanan injin fistan ya kusa ƙarewa.

NSU ya fitar da motar sayarwa ta farko mai wannan inji, wato Spider, a shekara ta 1964. Bayan shekaru uku ya fitar da Ro 80 mai rota biyu, wadda aka zaɓa a matsayin gwarzuwar motar Turai ta shekara ta 1968. Mota ce mai kyan siffa da daɗin tuƙi, amma an gaggauta kai ta kasuwa. Siraran ƙarafan da ke toshe kusurwoyi uku na rota suna saurin cinyewa, musamman a motocin da ke gajerun tafiye-tafiye a cikin gari, har wasu injunan suka riƙa mutuwa tun kafin su cika kilomita dubu 50. Ana ba da labarin cewa idan direbobin Ro 80 suka haɗu a hanya, sukan ɗaga wa juna yatsu daidai da yawan injunan da aka canza musu. Kuɗin canza wa masu saye injuna kyauta ya yi wa kamfanin illa, kuma a shekara ta 1969 Volkswagen ya saye NSU ya haɗe shi da Auto Union, haɗakar da ta zama kamfanin Audi na yau. An shawo kan matsalar daga baya, amma sunan motar ya riga ya ɓaci. An daina ƙera ta a shekara ta 1977 bayan an fitar da kimanin dubu 37.

Babban bugu ya zo ne a shekara ta 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka rage fitar da shi sakamakon yaƙin watan Oktoba, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ɗakin ƙonewa na injin Wankel dogo ne kuma siriri, don haka zafi da yawa yana salwanta ta bango, wani kason fetur kuma yana fita ba tare da ya ƙone ba. Ke nan injin yana da shan mai, ga hayaƙinsa na da wuyar tsabtacewa, a daidai lokacin da Amurka ke tsaurara dokokin gurɓata iska. General Motors ya jingine shirinsa a shekara ta 1974, Citroën ya janye motarsa mai wannan inji bayan ya sayar da ƙasa da dubu ɗaya, ita kuwa C111 ta Mercedes ba ta taɓa wuce matakin gwaji ba.

Mazda ya riƙe amana

Kamfanin Mazda kuwa ya ƙi sakin wannan inji. Shugaban Toyo Kogyo, Tsuneji Matsuda, ya sayi izinin ne a shekara ta 1961 domin kamfaninsa da ke Hiroshima ya samu wata fasaha tasa ta kansa, a lokacin da gwamnatin Japan ke tunanin haɗe ƙananan kamfanonin motoci da manya. Ya naɗa Kenichi Yamamoto ya jagoranci injiniyoyi 47, waɗanda suka yi ta fama da wasu tsage-tsage da ƙarafan kusurwa ke yi wa bangon injin, har suka samo mafita ta hanyar yin su da haɗin gawayi na musamman da alminiyam. A watan Mayun shekara ta 1967 suka fitar da Cosmo Sport. Rikicin man fetur ya kusa kai Mazda ƙasa, sai da bankin Sumitomo ya kawo ɗauki, amma duk da haka a shekara ta 1978 kamfanin ya fito da RX-7, wadda aka sayar da sama da dubu 800 kafin a daina ƙera ta a shekara ta 2002.

A shekara ta 1991 motar tsere ta Mazda 787B mai rota huɗu ta lashe gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa. Wannan ne karon farko da kamfanin Japan ya ci gasar, kuma ita ce mota ɗaya tak maras fistan da ta taɓa cin ta.

Batun baƙin mai

Matsalar toshewa da Wankel ya shafe rayuwarsa a kanta ita ce ta haifar da muhawarar baƙin mai. A injin fistan, baƙin mai yana zaune a ƙasa, zoben fistan kuma yana hana shi hawa inda wuta ke ci, shi ya sa idan mota ta fara shan baƙin mai makanike zai ce inji ya gaji. A injin Wankel kuwa, ƙarafan kusurwa suna goga bango ne a cikin ɗakin ƙonewa kansa, kuma babu hanyar da mai zai kai gare su sai an ɗiga shi a can ciki. Saboda haka akwai wani ɗan famfo da ke ɗibar baƙin mai kaɗan-kaɗan yana fesawa, man ya shafe bango sannan ya ƙone tare da fetur. Shan baƙin mai a nan ɗabi'ar injin ce. Hasali ma, idan ma'auni ya daina nuna raguwa, akwai yiwuwar famfon ya lalace, ƙarafan na gudu a bushe.

Ke nan mai guda ne ke aiki uku: yana sa santsi a sandar inji, yana sanyaya rota daga ciki, sannan yana ƙonewa. Aiki biyu na farko suna buƙatar man da ke jure zafi, na uku kuwa yana buƙatar man da zai ƙone ƙurmus ba tare da ya bar toka ba. Baƙin mai na gargajiya ana tace shi ne daga ɗanyen mai, shi kuwa wanda ake kira sintetik ana haɗa shi ne ta hanyar kimiyya, kuma an san shi da juriyar zafi da daɗewa bai lalace ba. Shekaru da dama littattafan da Mazda ke bai wa masu sayen motocinsa masu rota suna ba da shawarar amfani da na gargajiya. Dalilan da aka fi kawowa su ne tsoron kada wasu nau'o'in sintetik su bar dattin da zai maƙale ƙarafan kusurwa, da kuma yadda wasu na farko-farko suka riƙa lalata robobin da ke hana yoyo.

Masu ɗaya ra'ayin kuwa suna nuni da cewa motar da ta ci Le Mans da man sintetik na kamfanin Idemitsu ta yi gudu, kuma shi kansa Mazda daga baya ya sayar da wani man sintetik da aka haɗa musamman don motar RX-8 a Japan. Abin da wannan ke nunawa shi ne, sinadaran da aka zuba wa mai da yawan tokar da yake bari sun fi sunan da ke jikin galan muhimmanci. Akwai kuma masu bin hanya ta uku, waɗanda ke zuba ɗan man injin tu-sitirok a cikin tankin fetur, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta na gida, domin shi dama don ƙonewa aka yi shi. Inda kowa ya yi ittifaƙi shi ne a riƙa duba ma'aunin mai akai-akai, a kuma canza shi a kan lokaci.

Ƙarshen rayuwarsa

Injin ya kawo wa Wankel dukiya da girma. A shekara ta 1969 jami'ar fasaha ta Munich ta ba shi digirin girmamawa na dakta, a shekara ta 1970 kuma gwamnatin Jamus ta Yamma ta ba shi babbar lambar yabo ta ƙasa. A shekara ta 1971 ya sayar da kasonsa na kuɗin izinin ƙera injin ga kamfanin Lonrho na Birtaniya a kan mak miliyan 50, shekaru biyu kacal kafin rikicin man fetur ya karya darajar fasahar. Ya ci gaba da gwaje-gwaje a cibiyarsa da ke bakin tafki a Lindau, ciki har da ƙera jiragen ruwa masu gudu da ya kira Zisch, har zuwa shekara ta 1986 da cibiyar ta koma hannun Daimler-Benz. Saboda matsalar idonsa, direba ne ke tuƙa shi a cikin motocin da ke ɗauke da injinsa.

Mutum ne mai tsananin son dabbobi, kuma ya kafa wata kyauta don ƙarfafa binciken da zai rage amfani da dabbobi a gwaje-gwajen kimiyya, wadda jami'ar Ludwig Maximilian ta Munich ke bayarwa da sunansa. Matarsa Emma ta rasu a shekara ta 1975, ba su samu haihuwa ba. Shi kuma ya mutu ranar 9 ga watan Oktoban shekara ta 1988 a Heidelberg yana da shekaru 86, aka binne shi a maƙabartar Bergfriedhof ta birnin, shekaru uku kafin nasarar Le Mans.

Bayan mutuwarsa masana tarihi sun sake bin diddigin rawar da ya taka a zamanin 'yan Nazi, abin da ya haifar da muhawara a Jamus game da titunan da aka sanya wa sunansa. Shi kuwa injin, Mazda ya daina ƙera RX-8 a shekara ta 2012 bayan ta kasa cika sababbin ƙa'idojin hayaƙi na Turai, lokacin kamfanin ya riga ya fitar da motoci masu rota kusan miliyan biyu. A shekara ta 2023 ya sake dawo da shi a cikin motar MX-30, inda ƙaramin injin mai rota ɗaya ke juya janaretan da ke cajin batir, lantarki kuma ya tura tayoyi. Ana kuma amfani da injin Wankel a ƙananan jiragen sama da jirage marasa matuƙi, inda rashin nauyi da rashin girgiza suka fi tsimin mai muhimmanci.